Yini guda a filin golf na mambobi zalla: abin da baƙo ya gani

Ƙofar kulob ɗin ba ta da allo, ba ta da suna, har sai da na wuce ta sau biyu kafin na gane cewa siririyar hanyar da ta ratsa tsakanin bishiyoyi ita ce wadda aka kwatanta mini. A bakin ƙofar akwai ɗan ɗaki da mai gadi a ciki, riƙe da takardar sunayen baƙin da ake sa ran zuwansu a ranar, kuma sunayen ba su cika layi goma ba. Ya tambayi sunana, ya tambayi sunan mamban da ya gayyace ni, sannan ya ɗaga waya ya tabbatar cewa mai masaukin nawa ya iso, domin dokar wurin ba ta yarda baƙo ya riga wanda ya gayyace shi shiga ba. Da na yi sammako fiye da shi, da a gefen titi zan zauna cikin mota ina jiransa.

Na shafe shekara 11 ina buga golf, wasan da wasu kafofin labarai ke kira ƙwallon lambu, kuma duk tsawon wannan lokaci a filayen da kowa ke iya biya ya shiga nake bugawa, inda ake layi tun duku-duku, ake haƙuri da ciyawar da ƙafafu suka tattake. Handikaf ɗina, lambar da ake auna gwanintar ɗan wasa da ita, wadda ke raguwa gwargwadon ƙwarewarsa, 16 ne, wato ni ɗan wasa ne na tsaka-tsaki, wanda ba ya jin kunyar kansa amma kuma ba wanda zai tsaya kallonsa. Wani dattijo da muka taɓa aiki tare ne ya gayyace ni, kuma ya roƙe ni kada in ambaci sunan kulob ɗin a rubuce, saboda mambobin ba sa son a riƙa yawo da sunansu. Na yi masa alkawari, don haka mai karatu zai yi haƙuri da wannan giɓin.

Kwana uku kafin ranar, ya aiko mini da dokokin baƙi, shafi guda cur. Riga mai kwala, a cusa ta cikin wando. Ba a sa jins. Ana cire hula da zarar an shiga gini, kuma ba a juya bakinta baya ko a fili. Waya a kashe ta a bar ta cikin mota ko cikin loka. Ba a sauya takalmi a wurin ajiye motoci, sai a ɗakin sauya kaya. Ba a ɗaukar hoto. Na karanta na yi murmushi, na ce a raina idan ka je gari ka tarar kowa da jela, kai ma sai ka nemi taka ka ɗaura.

Ginin kulob ɗin ya ba ni mamaki, domin na zo da tsammanin marmara da fitilu masu ƙyalli, sai na tarar da tsohon gini mai ƙasan katako wanda ƙusoshin takalman golf na zamanin da suka huda shi ko'ina, ga allunan da aka rubuta sunayen zakarun kulob shekara bayan shekara da ruwan zinariya da ya fara dusashewa. Mai kula da ɗakin sauya kaya ya kira ni da sunana tun kafin in buɗe baki, ya nuna mini lokar da aka liƙa wa ɗan kati mai sunana, ya karɓi takalman da na zo da su. Da na dawo da yamma na same su a goge suna sheƙi. Wannan ɗan abu ne, amma ya nuna mini yadda wurin yake aiki: komai an riga an shirya shi kafin mutum ya tambaya, kuma ba wanda ke ɗaga murya.

A filin atisaye aka haɗa ni da kadina, wato mai ɗaukar jakar sanduna kuma mai ba da shawara. Dattijo ne da furfura ta cika masa gemu, ya ce shekararsa 27 yana taka wannan filin. Ya fara da ƙirga sandunan jakata don ya tabbatar ba su haura 14 da doka ta yarda da su ba, sannan ya ja gefe ya naɗe hannu yana kallona ina buga ƙwallaye. Bai ce uffan ba. Bayan na buga kamar goma sai ya ɗauki jakar ya ce mu tafi, kuma daga nan har ƙarshen wasa bai taɓa tambayata wace sanda nake so ba, sai dai ya miƙo, domin a cikin waɗannan bugu goma ya riga ya auna nisan da kowace sanda ke kai mini, ya kuma lura cewa ƙwallona tana yawan karkata dama idan na yi gaggawa.

Abin da ya fara kama ni a dandamalin bugun farko shi ne shiru. Ba kowa a gabanmu, ba kowa a bayanmu. A filayen da na saba, ana sallamar rukunin 'yan wasa duk bayan minti 8 ko 10 tun fitowar rana, ta yadda mutum zai yi bugunsa na farko idanu goma sha biyu na kansa, sannan ya je tsakiyar fili ya tsaya jiran na gaba su gama. A nan ko rajistar lokaci ba a yi. Mamba ya zo, ya gaisa da mai sallamar 'yan wasa, ya buga. A ramuka 18 da muka zagaya, rukuni uku kacal na hango, su ma daga nesa. Bayan rami na biyu na fahimci cewa abin da mambobin nan ke biyan maƙudan kuɗi a kansa kowace shekara shi ne wannan rashin cunkoso, sauran abubuwan duk daga gare shi suka samo asali.

Kyawun ciyawar ma daga nan yake. Tsakar filin, inda ake so bugun farko ya sauka, an aske ta daidai wa daida, ƙwallo tana zama a kanta kamar an ɗora ta da hannu, kuma da wuya ka ga gurbin da sandar wani ta ɓalle ciyawa ba a cike shi da yashi da iri ba, saboda kowane kadi yana tafe da 'yar kwalbar yashi a gefen jaka. Kulob ɗin yana rufewa duk ranar Litinin don ma'aikata su yi gyara ba tare da ƙwallo na shawagi a kansu ba. Filin da ke rayuwa da kuɗin shiga na yau da gobe ba zai iya yin asarar yini guda a kowane mako ba, shi kuwa wannan ko a jikinsa. Augusta National da ke jihar Jojiya a Amurka, wanda Bobby Jones da Alister MacKenzie suka tsara, inda ake gasar Masters tun 1934, ya ma wuce haka, domin rufe shi ake yi gaba ɗaya daga ƙarshen watan Mayu har zuwa Oktoba, a bar ciyawa ta huta a lokacin zafi.

Amma inda na sha kashi, kuma inda nake ganin ya fi cancantar a tsaya a yi bayani, shi ne girin, wato shimfiɗaɗɗiyar ciyawar da ke kewaye da rami. Ana aske ta kullum da asuba zuwa tsawon da bai wuce milimita 3 ba, a bi ta da injin daddaɓewa, kuma a ƙarƙashinta akwai yashi da tsakuwa da bututun da ke janye ruwa, shi ya sa take da tauri ko da an kwana ana ruwa. Ana auna santsinta da wani ɗan ƙarfe mai kwari a tsakiya, tsawonsa inci 36, wanda ake kira Stimpmeter, sunan da ya samo daga Edward Stimpson da ya ƙirƙiro shi a 1935. Ana ɗora ƙwallo a kansa, a ɗaga gefe guda sannu a hankali har ta gangaro da kanta, sannan a auna ƙafa nawa ta yi tafiya a kan ciyawa. Filayen gama-gari galibi suna tsakanin ƙafa 8 zuwa 10, manyan gasanni kuwa sukan kai 12 zuwa sama. Kadina ya ce a safiyar ranar an auna 12. Na gyaɗa kai kamar na gane, alhali lamba kawai na ji.

A rami na farko na gane. Bugu biyu suka kai ni girin, abin da ya sa na fara jin kaina, ƙwallona tana kamar mita 6 daga ramin, ta gefen tudu. Kadin ya tsuguna a bayanta, ya rufe ido ɗaya, ya miƙe ya nuna mini wani ɗan tabo a ciyawa da ke kusan taku biyu hagu da ramin, ya ce, “Yallaɓai, nan za ka nufa, kuma taɓa ta kawai za ka yi, kamar mai tsoron tashin jariri daga barci.” Na taɓa ta yadda hannuna ya saba. Ta wuce ramin tana gudu, ta ci gaba da tafiya a hankali kamar ba za ta tsaya ba, har na fara ƙirga daƙiƙu, ta je ta tsaya mita 4 a ƙasa. Na dawo da ita a tsorace, ta tsaya rabin hanya, saboda yanzu hawa take yi. Sai a gangarawa ta huɗu ta faɗa. Faɗin ramin golf milimita 108 ne a duk duniya, amma a ranar na rantse an rage shi. Mai masaukina ya yi dariya ya ce, “Malam, kada ka damu, duk baƙon da ya zo nan sai ya biya wannan harajin.”

Sai wajen rami na shida hannuna ya fara sabawa, kuma daga nan ne na fara jin daɗin da ban taɓa ji ba a wasan nan. A kan girin mai kyau irin wannan, ƙwallo ba ta tsalle, ba ta kauce wa layinta saboda wani ɗan tudu ko sawun takalmi. Inda ka aika ta nan take zuwa. Idan ta kuskure, laifinka ne, ba ka da abin da za ka ɗora wa. Wannan yana da daɗi, yana kuma da ciwo, domin shekara 11 ina ɗora wa ciyawa laifin da ashe rabinsa nawa ne.

Rami na huɗu ya cancanci a ambace shi shi kaɗai. Gajere ne, daga cikin waɗanda ƙa'idarsu bugu uku, wato adadin bugun da ake sa ran gwani zai yi ya jefa ƙwallo a rami, kuma an kafa tutarsa a kusurwar dama, dab da wani zurfaffen ramin yashi. Kadin ya ce, “Mita 142 zuwa tuta, amma iska tana fuskarmu, ka buga kamar 155. Kada ka bi tuta, ka nufi busasshen itacen can da ke bayan girin.” Na karɓi sandar, na dubi itacen, na dubi tutar, zuciya ta raya mini cewa ban yi wannan doguwar tafiya don in buga wa itace ba. Bugun ya fita da kyau, ya nufi tuta sak, iska ta riƙe shi ɗan kaɗan, ya faɗa yashi ya nutse har rabi. Dattijon bai nuna ɓacin rai ba, ya ɗauki manjagara ya bi ni yana cewa, “Ba komai, Yallaɓai, yashin nan ya saba karɓar baƙi.” Bugu biyar na yi a ramin, kuma ban sake saɓa masa ba.

Mun gama ramuka 18 a ƙafa cikin awa uku da minti 35, tafiyar da a filin da na saba take cin awa biyar a ranar Asabar. Sai dai wannan saurin yana da nasa nauyin. Mambobin wurin suna ɗaukar jan ƙafa a matsayin babban laifi, kusan ya fi rashin iya wasa muni a idonsu. Mai masaukina ba ya gwada lilo da sanda kafin bugu fiye da sau ɗaya, kuma idan ya ga ramin ya ɓaci masa sai ya ɗauke ƙwallonsa ya sa aljihu. A rami na tara ƙwallona ta shige doguwar ciyawa. Dokar wasan tun 2019 ta ba mutum minti uku ya nema, bayan da can biyar ne, amma ko minti guda ba mu cika ba na ji ana gyaran murya a bayana. Na yar da neman na jefa wata. Duk wanda ya saba nazarin kowane bugu a natse zai ji kamar ana tura shi a baya, duk da cewa babu kowa a filin da za a tare wa hanya.

Akwai wasu kurakurai da bai kamata in rufe ido a kansu ba. Girin na 13 da na 14 an huda su da ƙananan ramuka an watsa yashi, aikin da ake yi don iska da ruwa su kai ga saiwa, kuma aiki ne da ba makawa sai an yi shi, amma ba wanda ya sanar da mu a farko, har mai masaukina ya ji kunya. Yashin da ke cikin manyan ramukan yashi na filin kuma fari ne tas, yana da kyau a ido, amma ya cika laushi, ƙwallo tana nutsewa a cikinsa fiye da kima. Sannan filin ba shi da alamun nisa ko allunan da ke nuna hanyar rami na gaba, da gangan, don kada a ɓata masa kyan gani, wanda hakan ya sa baƙo ya dogara kacokan a kan kadinsa. Ni na yi dace. Abokin wasanmu na uku, shi ma baƙo, an haɗa shi da wani matashi sabon shiga wanda sau biyu yana ba shi nisan da ba daidai ba, kuma bai da inda zai duba ya tabbatar. Kulob mai irin wannan suna bai kamata ya bar jin daɗin baƙo ya rataya a kan sa'ar wanda aka haɗa shi da shi ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai kuwa bai shafi ciyawa ba. Baƙo a irin wannan wuri ba ya iya biyan komai da kansa, ko kwalbar ruwa. Komai mamba ne ke sa hannu a rubuta a asusunsa, in ban da ladan kadi da aka bar ni na miƙa da hannuna. An ce an yi haka ne don karramawa, kuma na yarda, amma sakamakonsa shi ne mutum ya yini yana takatsantsan, yana lissafin nauyin da yake ɗora wa wani, yana sane da cewa duk kuskuren da ya yi, ko rigarsa ce ta zame daga wando, ba shi za a yi wa magana ba, wasiƙa za a aika wa wanda ya kawo shi. Ban saki jiki ba har na fita. Na kuma lura cewa dattijon da ya fi kowa sanin filin nan, wanda ya san inda kowane girin ke karkata tun kafin a haifi wasu mambobin, a bakin matakalar ginin ya tsaya ya miƙa mini jakata, sannan ya zagaya ta baya, domin ƙafarsa ba ta taka ciki.

Wannan ɗabi'a ta tantance wa zai shiga da wa zai tsaya a waje tsohuwa ce a kulob-kulob irin wannan, kuma sauyinta yana tafiyar hawainiya. Augusta National bai karɓi baƙar fata a matsayin mamba ba sai a 1990, mata kuwa sai a 2012, lokacin da aka shigar da Condoleezza Rice, tsohuwar sakatariyar harkokin wajen Amurka, da 'yar kasuwa Darla Moore. Kulob ɗin Muirfield na Skotland, wanda magabatansa ne suka rubuta dokokin golf 13 na farko a 1744, ya kaɗa ƙuri'a a 2016 kan shigar da mata, ba a samu kashi biyu cikin uku da ake buƙata ba, hukumar R&A mai shirya gasar Open, ɗaya daga manyan gasannin golf na duniya, ta cire shi daga jerin filayen da ake yin gasar, sannan a 2017 aka sake ƙuri'ar ta wuce. Abin ban sha'awa shi ne filin da ya fi kowanne daraja a tarihin wasan, wato tsohon filin St Andrews da ke Skotland, wanda a 1764 aka mayar da ramukansa 18 daga 22 har duniya ta bi sahu, na jama'a ne, duk mai shaidar handikaf da bai haura 36 ba yana iya shiga ƙuri'ar neman lokacin wasa, kuma yawancin ranakun Lahadi ana rufe wasa a bar mutanen gari su yi yawo a kansa da iyalansu. Saboda haka ba na karɓar hujjar masu cewa sai an kulle ƙofa fili ke yin daraja. Kulle ƙofa yana sa ciyawa ta yi kyau, wannan na gani da idona, iyakar abin da zan shaida ke nan.

Ga wanda aka gayyata, shawarata ita ce ya je, kada ya yi wasa da damar. Ya karanta dokokin tun a gida, ya isa da wuri amma kada ya riga mai masaukinsa, ya ba girin atisaye aƙalla minti 20 maimakon ɓata lokaci yana gwada dogon bugu, ya gyara lotsawar da ƙwallonsa ta yi a girin ko da kadi zai yi, ya kuma saurari kadin tun daga ramin farko ba sai ya sha yashi ba. Wanda handikaf ɗinsa ya haura 25 zai fi jin daɗi idan ya roƙi a buga daga dandamalin gaba, domin nisan na baya tare da saurin mambobi zai mayar masa da yinin azaba. Game da zama mamba kuwa, maganar ba ta taso ba, tunda a irin waɗannan wurare ba a nema, sai dai a neme ka, kuma an ce nuna kwaɗayin shiga ma yana iya sa a manta da sunan mutum.

Na tashi da bugu 94 a filin da ƙa'idarsa 72, kuma 41 daga ciki a kan girin na yi su. Washegari na rubuta wa mai masaukina wasiƙar godiya da hannu, kamar yadda ake yi. Ranar Asabar da ta biyo baya na koma filina na kullum, na yi layi na minti 40, na buga bugun farko mutane na kallo, na isa girin na farko ƙwallona tana mita 5 daga rami. Na taɓa ta a hankali kamar mai tsoron tashin jariri, ta yi tafiyar mita 2 ta tsaya cak, abokan wasana suka fashe da dariya suna tambayar ko ban karya kumallo ba ne.